Gubar Ƙarafa Cikin Ƙasar Noma da Abincin da Muke Ci

 Ya mai girma shugaban wannan majalisi, ya ku iyayena malamai, da sarakunan noma da suka taso daga nesa, da 'yan'uwana maza da mata, da ɗalibai masu neman sani.

An umurce ni da in yi magana a kan wani al'amari wanda, ko da yake ya shafi duk mai sa loma a baki, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa zama suka yi masa dogon nazari, wato gubar ƙarafa da ke shiga ƙasar noma, ta bi ta jikin amfanin gona, har ta iso cikin akushi. Ina roƙon ku yi haƙuri da ni, domin magana ce da ba ta son gaggawa, kuma sai mun yi tafiya mai nisa har ƙasar Japan kafin mu dawo gida.

Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanta Ishmawi ya san cewa malamanmu na Malikiyya sun sanya siffofi uku da ake dubawa ga ruwa kafin a yi tsarki da shi, wato launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, kuma idan ɗayansu ya jirkita saboda wani abu da ya faɗa ciki, to hukuncin ruwan ya sauya. Wannan ma'auni daidai yake a babinsa, domin saboda ibada aka kafa shi. Amma da yake da shi muka tashi, sai muka ɗauke shi muka kai shi gona da kasuwa da madafa, har ya zama mai lambu zai dubi ruwan rafi, in ya gan shi garau ba wari, ya sakar wa latas ɗinsa, uwargida kuma ta ɗaga ƙullin alayyafo, in ta gan shi kore shar, ta biya ta kai gida hankalinta kwance. To abin da ya tara mu yau shi ne, dalma da 'yan'uwanta suna iya zama cikin ruwa ko hatsi ko ganye, da yawan da zai nakasa yaro har ƙarshen rayuwarsa, ba tare da sun sauya launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba. Ido da harshe da hanci, waɗanda suka tsare kakanninmu daga ruɓaɓɓen nama da gurɓataccen ruwa, a nan ba su da shaidar da za su bayar, sai awo da na'ura.

Ƙarafan da muke magana a kansu, akwai waɗanda muka san su tun kaka da kakanni, kamar dalma da zaiba, akwai kuma waɗanda sai da zamani ya zo muka ji sunansu, kamar kadmiyom da kuromiyom da arsanik. Jikin ɗan Adam yana bukatar ɗan kaɗan na wasu ƙarafa, irin su baƙin ƙarfe da tutiya da tagulla, har rashinsu kan zama cuta. Dalma da kadmiyom da zaiba kuwa ba a san wani amfani da suke yi wa jiki ba ko da ƙwayar zarra. Kuma suna da wata ɗabi'a da ta raba su da sauran ƙazanta. Kashin dabba da mushe da busasshen ganye, ƙasa na cinye su ta mai da su taki, har ma da yawa daga cikin magungunan feshi rana da ruwa suna karya ƙarfinsu da tsawon kwanaki. Amma ƙarfe asali ne wanda ba ya ruɓewa, wuta ba ta ƙone shi, tafasa ba ta kashe shi, saboda haka abin da ya shiga gona yau yana nan zaune yana jiran jikan mai gonar. Haka kuma yake yi a jikin mutum, yana taruwa kaɗan-kaɗan kamar kuɗin asusu, dalma ta kwanta cikin ƙashi da haƙora, kadmiyom ya kwanta cikin ƙoda, inda yakan ɗauki shekara goma zuwa talatin kafin rabinsa kaɗai ya fita.

A ƙasar Japan, cikin lardin Toyama, akwai wani kogi da ake kira Jinzu, wanda ke gangarowa daga duwatsu ya shayar da fadamun shinkafa masu albarka kafin ya faɗa teku. A can sama, inda ruwan ke tasowa, akwai mahaƙar Kamioka, inda kamfanin Mitsui ya daɗe yana haƙo tutiya da dalma a da. Kadmiyom kuwa abokin zaman tutiya ne cikin dutse, duk inda aka tace ɗaya sai an bar ɗayan cikin tarkace, kuma wannan tarkace cikin kogin aka riƙa sakinsa shekara da shekaru, musamman zamanin yaƙe-yaƙe lokacin da bukatar ƙarafa ta ƙaru. Manoma ne suka fara kuka, domin sun ga shinkafarsu ba ta yin kyau a bakin magudanun da ruwan ke shigowa. Daga baya sai wata cuta ta bayyana wadda ba a san irinta ba, kuma mafi yawan waɗanda ta kama mata ne da suka manyanta, waɗanda suka haifi 'ya'ya da yawa suka kuma rayu a kan ruwan kogin da shinkafar fadamar. Ƙodarsu ta lalace, ta riƙa zubar da sinadaran da ke gina ƙashi, ƙasusuwan suka yi laushi har ya zama tari kaɗai na iya karya haƙarƙarin mace, tsayinta ya ragu, ba ta iya juyawa a kan shimfiɗa sai da kururuwa. Wannan ita ce cutar da ake kira Itai-itai.

Ku lura da tsawon lokacin da gaskiya ta ɗauka kafin ta fito. An ce rashin abinci mai gina jiki ne, an ce wahalar aikin gona ce, iyalai kuma suka riƙa ɓoye majinyatansu don gudun kada a ƙi auren 'ya'yansu ko a ƙi sayen shinkafarsu. Wani likitan karkara mai suna Noboru Hagino, wanda ke duba waɗannan mata, shi ya lura cewa cutar ba ta fita daga yankin da ke shan ruwan Jinzu, kuma a 1961 shi da abokan bincikensa suka bayyana cewa kadmiyom ne sanadi; amma sai a 1968 gwamnatin Japan ta amince da haka a hukumance. A wannan shekara majinyata da iyalansu suka kai ƙara, suka yi nasara a 1971, aka ɗaukaka ƙara suka sake yin nasara a 1972, aka ɗora wa kamfanin biyan diyya da ɗaukar kaso na kuɗin gyaran gonaki. Gyaran nan shi ne abin da nake so ya zauna a zukatanku. An fara shi a 1979, ana kankare gurɓatacciyar ƙasa ana binne ta, ana ɗauko sabuwa daga wani wuri ana shimfiɗawa, ba a gama ba sai 2012. Shekara 33 ke nan, don gyara hekta 863, da kuɗi sama da yen biliyan 40. Idan ƙasar da ke da dukiya da ilmi irin na Japan ta sha wannan wahala a kan fadama guda, to ina ga mu, da a yawancin garuruwanmu ba a taɓa ɗebo ƙasar gona an auna ba?

Mu dawo gida, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, kuma mu ma mun ga namu da idonmu. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau a Jihar Zamfara, suka sami labarin cewa ƙananan yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai suma, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro bai ji ba. Da aka aika da jinin yaran wani ɗakin gwaji a Turai sai aka tarar dalma ce. Binciken da aka yi gida-gida a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Kuma cikin waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai matakin da likita zai ce a fara ba su maganin fitar da guba nan take. Jimillar yaran da suka rasu an ƙiyasta ta kai kimanin 400, dubbai kuma suka kamu. Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega, sunaye ne da bai kamata wani ɗan Arewa ya manta da su ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sanadin kuwa sananne ne. Farashin zinariya ya tashi a kasuwannin duniya, mutanen da noman damina ba ya ƙosar da su suka koma haƙar dutse, kuma Allah ya ƙaddara dutsen da suka dosa yana ɗauke da dalma mai yawa, irin wadda ciki ke narkarwa da sauƙi. Ba a bar dutsen a daji ba. An kawo shi cikin gari, an farfasa shi a tsakar gida, mata sun daka shi a turmi, an kai shi injin niƙa, an wanke garin a bakin rijiya da kududdufi, an shanya shi a inda yara ke rarrafe. A wasu wurare an auna ƙasa an sami dalma sama da kashi 100,000 cikin miliyan, wato ɗaya bisa goma na ƙasar dalma ce, alhali dokar Amurka a wancan lokaci ta sanya 400 a matsayin iyaka ga filin da yara ke wasa. Kafin yara su fara faɗuwa, agwagin ƙauyukan sun riga sun mace, domin su ne ke kiwo cikin laka. Da akwai wanda ya san ma'anar wannan alama da an ceci rayuka masu yawa.

Akwai wani abu cikin labarin Zamfara da ya shafi batunmu kai tsaye, wanda ba a cika faɗarsa ba. Da masu bincike suka bi diddigin abincin waɗannan ƙauyuka, sun tarar cewa mafi yawan dalmar da ke cikin hatsi bayan girbi ta shige shi, wajen sussuka da shanya da surfe da niƙa da girki a gidajen da ƙura ta gurɓata, musamman inda turmi ɗaya ko inji ɗaya ke niƙa dutse da safe ya niƙa gero da yamma. Wannan ya dace da abin da masana ƙasa suka sani, cewa dalma tana riƙe ƙasa gam, abin da tsiro ya zuƙa kuma yawancinsa a saiwa yake tsayawa, saboda haka babbar hanyarta zuwa ciki ita ce ƙura: ƙurar da ta kwanta a kan ganye, da wadda ta manne wa karas da dankali, da wadda ke hannun yaro lokacin da ya kai shi baki. Kadmiyom kuwa halinsa dabam ne, domin yana bin ruwan tsiro ya hau har cikin ganye da ƙwaya, kuma ya fi hawa idan ƙasa ta yi tsami. Latas da alayyafo da taba da shinkafa suna cikin waɗanda suka fi ɗaukarsa. Wanki yana raba ganye da ƙurar dalma gwargwado, amma ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga cikin naman ganyen.

Me ya sa yara ne suka fi mutuwa alhali iyayensu ne ke aikin? Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin yaro yana zuƙe dalma ninki huɗu zuwa biyar na abin da cikin babba ke zuƙewa, kuma yaron da abincinsa ya gaza wajen sinadaran gina jini da ƙashi ya fi kowa zuƙa, domin jiki yana ɗaukar dalma a madadinsu. Hukumar ta kuma ce ba a san wani ƙanƙanin adadi na dalma cikin jini da za a ce ba ya cutarwa ba. Mace mai ciki, dalmar da ta kwanta cikin ƙashinta tun tana yarinya takan taso ta shiga jini ta isa ga ɗan tayi. Wanda ya tsira da rai kuwa sau da yawa ba ya tsira da cikakkiyar basira. Zai girma yana da nauyin fahimta, a kai shi makarantar allo ya kasa riƙe abin da aka biya masa, a ce masa daƙiƙi, a yi ta dukansa a kan laifin da ba nasa ba. Wannan ɓangare na musibar shi ya fi tsaya mini a rai, domin ba ya shiga lissafin matattu, kuma ba a yi wa kowa ta'aziyyarsa.

Maganin fitar da dalma daga jini yana nan, amma ba shi da amfani idan yaron zai koma gidan da ya ɗauko ta, shi ya sa likitoci suka tsaya a kan cewa sai an gyara ƙauye sannan a fara magani. Aka riƙa kankare saman ƙasar gidaje da farfajiya, ana kai ta ramin da aka tanada, ana zuba sabuwa. An gyara ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, ta zauna tana jira, yaranta na shan guba kullum, har sai farkon 2013 da kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari ya fito. Wannan jinkiri abin zargi ne, kuma babu uzurin da zai wanke shi. Ba a kuma ɗauki darasi yadda ya kamata ba, domin a 2015 irin wannan annoba ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Mai yiwuwa wani a cikinku ya ce, mu nan Kano ba ma haƙar zinariya, to ina ruwanmu? Ina roƙonsa ya fita ya bi rafin Jakara, wanda ke kwashe ruwan kwatamin birni, ya isa inda Getsi ke haɗuwa da shi ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ya bi su har madatsar Wasai, sa'an nan ya ƙirga lambunan da ke shan wannan ruwa a bakin gaɓa da rani. In ya gama ya juya kudu ya dubi abin da ke fita daga Sharaɗa da Challawa zuwa kogi. Kano garin jima ne tun fil azal, amma majeman da suka sa fatar Kano ta yi suna har ƙetaren Sahara da bagaruwa suke aiki, wadda itace ce, in an zubar da ruwanta ƙasa ta cinye. Masana'antun zamani kuwa da gishirin kuromiyom suke jima, ga kuma rini da fenti da aikin ƙarfe da na batir. Malaman jami'o'inmu sun sha ɗebo ruwa da ƙasa da ganye daga waɗannan wurare suna aunawa, kuma sun sha samun ƙarafa fiye da iyakar da aka yarda da ita. Adalci ya sa in faɗa cewa kuromiyom na jima yawancinsa a saiwa yake tsayawa, kuma ba kowane lambu ne ya gurɓata ba. Amma ruwan ba kuromiyom kaɗai ya ɗauko ba, kuma ƙasar da aka shekara talatin ana shayar da ita da shi ba za ta rasa ajiya ba.

Ban ga laifin mai lambu ba. Talaka ne da ya sami ruwan da ba ya ƙafewa da rani, wanda kuma ke sa ganye ya yi kyau saboda takin da ke cikinsa, babu wanda ya taɓa auna masa, babu wanda ya nuna masa wani ruwan. Haka kuma manomin karkarar Kano da ke sayen takin bola. Wannan al'ada ta kai sharar birni gona bisa jakai cikin mangala tana daga cikin hikimomin da suka sa ƙasar kewayen Kano ta ɗauki ɗaruruwan shekaru ana noma ta ba hutu ba ta mutu ba, har masana daga Turai irin su Michael Mortimore suka zo suka yi nazarinta. Sai dai bolar da ta gina wannan suna toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Bolar yau kuwa akwai matattun batura a ciki, da gwangwanin fenti, da tarkacen waya da rediyo, da tokar tayar da aka ƙona, kuma duk wannan ake watsawa a gonar gero ba tare da an tsince ba.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba, zan kuma taƙaita. Gwamnatin Sin ta bayyana a 2014 cewa kashi 19.4 cikin ɗari na wuraren da ta auna a ƙasar nomanta sun wuce iyaka, kadmiyom ne kan gaba. A Bangladesh rijiyoyin burtsatse da aka haƙa don kuɓutar da mutane daga cututtukan ruwan tafki sun fito da arsanik daga ƙarƙashin ƙasa, aka sha, aka kuma shayar da shinkafa, ita kuwa shinkafar da ke tsaye cikin ruwa ta fi sauran hatsi ɗaukarsa. Wani babban nazari da mujallar Science ta buga a 2025 ya ƙiyasta cewa kashi 14 zuwa 17 cikin ɗari na ƙasar noma ta duniya ta wuce iyaka a ƙarfe ɗaya aƙalla. Tun da muna faɗaɗa noman shinkafa a Kura da Haɗeja da Kebbi da Bakalori, wajibi ne mu san ruwan da muke ba ta da takin da muke zuba mata, domin shi ma takin zamani na fosfet yakan zo da kadmiyom gwargwadon dutsen da aka yi shi da shi.

Ya ku malamaina, a nan ne nake neman ku taimake mu da abin da Allah ya ba ku. Shari'a ta zo ne don tsare addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, kuma wannan guba tana taɓa huɗu daga cikin biyar ɗin a lokaci guda. Malaman usulu sun tabbatar cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani, malaman furu'a kuma sun tabbatar cewa wanda ya lalata dukiyar wani shi ke da lamuninta. To mai masana'antar da ya saki ruwansa cikin rafi ba tare da ya tace ba, don ya rage wa kansa kashe kuɗi, ya ɗora asararsa ne a kan mai lambu da mai cin ganye, kuma a fahimtata haƙƙinsu yana wuyansa ko da hukuma ba ta kama shi ba. A zamanin da muhtasibi ke zaga kasuwa yana duba mudu da sikeli, yana hana algus cikin nono da hatsi, ya yi haka ne saboda mai saye ba shi da ikon gane cutar da ake yi masa; illar ita ce dai yau, sai dai ma'aunin ya koma ɗakin gwaji. Saboda haka ina ganin auna ƙasar noma da ruwan ban-ruwa da abincin kasuwa farilla ce ta kifaya, wadda in babu wanda ya tsaya da ita laifin ya hau kan al'umma duka, kuma farkon wanda za a tambaya shi ne mai mulki.

Abin bai fi ƙarfinmu ba. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke ciki cikin minti ɗaya ko biyu, da irinta aka yi aikin Zamfara. Iyakoki ma an riga an tsara su. Ƙa'idar abinci ta duniya ta sanya miligiram 0.4 na kadmiyom cikin kilo ɗaya na gyararriyar shinkafa, da 0.3 na dalma cikin kilo ɗaya na ganye. Muna da hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don kula da muhalli, muna da NAFDAC, muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da jami'o'i a kowace jiha. Abin da ya rage shi ne a auna a kai a kai, a kuma faɗa wa manomi sakamakon da Hausa, maimakon a rubuta shi da Turanci a ajiye cikin kundi. Inda aka tarar ƙasa ta gurɓata kaɗan, zuba farar ƙasa da taki mai tsabta yana rage abin da tsiro ke zuƙa, kuma ana iya barin ganye a koma tumatir da kuɓewa, waɗanda 'ya'yansu ba su cika tara ƙarfe kamar ganye ba. Inda ta gurɓata ƙwarai, a shuka itatuwa ko abin da ba a ci, hukuma kuma ta ba mai gonar madadi, domin ba a raba mutum da abincinsa a sallame shi hannu wofi. Haka ma masu haƙar zinariya: hani kaɗai yakan mai da aikin cikin ɗaka ne a ɓoye, inda ya fi kisa, amma an ga amfanin fitar da niƙa bayan gari, da jiƙa dutse kafin a niƙa don kada ƙura ta tashi, da yin wanka da sauya tufafi kafin a shiga gida a ɗauki yaro.

Ku kuma iyayena mata, kada wannan magana ta sa ku hana yara ganye, domin yaron da ya ƙoshi da abinci mai kyau ya fi jure wa gubar; ku dai wanke ganye sosai da ruwa mai tsabta, ku cire na waje, ku fere karas da dankali, ku wanke hannun yaro kafin ya ci, kada kuma a shanya hatsi a bakin titi ko kusa da inda ake fasa batir ko narka ƙarfe.

Roƙona na ƙarshe ga shugaban wannan majalisi ne da limamai da sarakunan noma da ke zaune a nan. Kada a tashi daga wannan zama sai an naɗa waɗanda za su rubuta wa gwamnatin jiha takarda, a nemi a auna ƙasa da ruwan kowane lambu da ke bakin Jakara da Getsi da Challawa kafin noman rani mai zuwa, a auna jinin yaran unguwannin da ke maƙwabtaka da masana'antu, a kuma karanta sakamakon a gidajen rediyo kowa ya ji. Limamai kuma su ba wannan batu huɗuba guda ta Juma'a, musamman a garuruwan da ake haƙar ma'adinai, su faɗa wa jama'a a fili cewa turmin da ya daka dutse kada ya sake daka hatsi. Allah ya ba mu ikon aikatawa.